Daga Kwalba Zuwa Kwamfuta: Tarihin Rubuta Sakamakon Gwajin Jini da Fitsari

Tsinken gwajin fitsari bai kai biro tsawo ba, aikinsa kuma ba ya wuce minti biyu. Da zarar an tsoma shi an ɗaga, ƙananan gurabun da ke jikinsa za su fara sauya launi, kowanne da lokacin da ake karanta shi. A irin wanda aka fi sani, gurbin sukari daƙiƙa 30 ne, na fararen ƙwayoyin jini kuma minti 2. Idan aka yi sakaci lokacin ya wuce, launin zai ci gaba da rikiɗa har ya koma faɗin abin da babu shi. Haka abin gwajin maleriya yake: ɗigon jini, jiran minti 15 zuwa 20, layi ɗaya ko biyu, daga nan sai kwandon shara.

Ke nan irin wannan sakamako ba shi da wata rayuwa sai wadda alƙalami ko kwamfuta suka ba shi. Mai cikin da aka ga furotin a fitsarinta ranar awo, idan ba a rubuta ba, ungozomar da za ta duba ta bayan mako biyu ba ta da hanyar sanin abin ƙaruwa yake yi ko raguwa, alhali yana cikin alamun da ke zuwa kafin jijjiga. Mun saba jin tarihin likitanci ta fuskar gano cuta da samo magani. Amma akwai wani tarihin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi, wato na yadda aka yi ta fama a kama sakamako kafin ya ɓace, a ɗaure shi da sunan mai shi, a ajiye shi inda wani zai samu ya fahimta. Abin da za mu gani shi ne, duk lokacin da gwaji ya ƙara sauri da sauƙi, sai rubutunsa ya koma baya, har sai an nemo sabuwar dabara.

Zamanin kwalba

Fitsari ne ruwan jiki na farko da likitoci suka mayar abin dubawa, domin shi ke fitowa da kansa ba sai an yanka ko an huda ba. A ƙasar Girka, fiye da shekara 2,300 da suka wuce, littattafan da ake danganta wa Hippocrates, wanda Larabawa ke kira Abuƙraɗ, sun lura cewa kumfa a saman fitsari alama ce ta ciwon ƙoda mai daɗewa. Yau mun san dalili, furotin da ke zuba ta ƙoda ne ke kawo kumfar. A cikin waɗannan littattafai kuma akwai labarin marasa lafiya 42 da aka bi su kwana-kwana, ana rubuta zazzaɓinsu da barcinsu da kamannin fitsarinsu. Fiye da rabinsu sun mutu, marubucin kuwa bai ɓoye ba. Ya rubuta ne don wanda zai zo bayansa ya gane irin ciwon idan ya sake haɗuwa da shi.

Likitocin daular Musulunci sun ɗora a kan wannan. Abubakar al-Razi, wanda ya shugabanci asibiti a Rayy da Bagadaza ya rasu a wajajen shekarar 925, ɗalibansa sun tattara bayanan marasa lafiya kusan 900 da ya duba, a littafin da ake kira Kitab al-Tajarib, kuma a da yawa daga ciki an ambaci yadda fitsarin mutum ya kasance. A Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya ta yau, Ishaƙ al-Isra'ili ya rubuta littafi sukutum a kan fitsari kaɗai, wanda aka fassara zuwa Latin a ƙarni na 11 ya zama abin karantarwa a Turai. Ibn Sina kuwa, a cikin al-Ƙanun da ya kammala a 1025, ya jera abubuwa bakwai da ake dubawa: launi, kauri, tsarki ko gurɓata, abin da ya kwanta a ƙasa, yawa, wari, da kumfa. Ya kuma sa sharaɗi: fitsarin farko na safe ake so, kuma kada mutum ya ci abin da ke rina fitsari irin su za'afaran. Wannan sharaɗi na nufin sakamako ba ya cika sai an san yaushe aka ɗauki fitsarin da kuma halin da mai shi ke ciki.

Da ilimin ya isa Turai, kwalbar duba fitsari ta zama alamar likita, kamar yadda abin sauraren ƙirji da ake ratayawa a wuya yake a yau. Sun kuma ƙirƙiro wani zane mai kama da faifai, da kwalabe kimanin 20 a kewaye, kowace da launinta da sunanta, tun daga fari fat har baƙi ƙirin. Ɗaya daga cikin irinsa ya fito a littafin likitanci da aka buga a birnin Venice a 1491. Manufar zanen ita ce a samu harshe ɗaya, idan likita a wannan gari ya ce fitsari ja ne, na wancan gari ya san wane ja ake nufi. Sai dai launin kwafi ɗaya yakan saɓa wa na wani, idon mutum ma haka.

Wata matsalar ta fi wannan girma. Mutane sun koma aika fitsari ta hannun ɗan aike, likita ya duba ya ba da magani ba tare da ya ga mai ciwon ba. Wasu ma kan aika na dabba don su jarraba shi. A 1637 wani likitan Ingila mai suna Thomas Brian ya wallafa littafi yana tona asirin masu wannan sana'a, yana kwatanta su da 'yan duba. Tun a lokacin an fara gane cewa sakamakon da ba a tabbatar da mai shi ba, haɗarinsa ya fi amfaninsa.

Daga harshe zuwa sinadari

Tsoffin likitocin Indiya sun daɗe da lura cewa tururuwa na taruwa a fitsarin wasu marasa lafiya, har suka sa wa ciwon suna mai nufin fitsarin zuma. A Turai sai a 1674 Thomas Willis na Ingila ya rubuta cewa fitsarin mai wannan ciwo yana da zaƙi, kuma da harshe aka gane hakan. A 1776 Matthew Dobson na Liverpool ya dafa irin wannan fitsari har ya ƙafe, ya ga abin da ya rage kamar sukari, ya kuma lura cewa ruwan jinin mai ciwon ma yana da zaƙi. A 1815 Bafaranshe Michel Chevreul ya tabbatar da cewa sukarin nan irin wanda ke cikin inabi ne, wato gulukos.

Furotin ma haka aka bi shi. Richard Bright na asibitin Guy's da ke Landan yakan zuba fitsari a cokali ya ɗora a kan harshen kyandir. Idan ya daskare ya yi fari kamar farin ƙwai, akwai furotin. Gwajin kansa wasu sun riga shi sani. Abin da ya ɗaukaka aikinsa na 1827 shi ne rubutu: ya rubuta wa ke da kumburin jiki, wa ke da furotin a fitsari, sannan idan mutum ya mutu ya duba ƙodarsa ya rubuta abin da ya gani. Da ya jera bayanan nan uku gefe da gefe ne ciwon ƙoda ya fito fili. A wannan asibiti dai, a 1843, John Lever ya gano furotin a fitsarin mata masu jijjigar haihuwa. Daga binciken nan ne gwajin fitsarin da ake yi wa matanmu ranar awo ya samo asali.

Bayan haka sinadarai suka yawaita. Bajamushe Hermann von Fehling ya haɗa ruwansa mai shuɗi a ƙarshen shekarun 1840, wanda kan koma ja idan aka dafa shi da fitsari mai sukari. A 1850 Jules Maumené na Faransa ya jiƙa ƙyallen ulu da sinadari, a ɗiga fitsari a gasa, idan ya yi baƙi akwai sukari. Wannan shi ne kakan tsinken gwaji. A 1883 George Oliver na Ingila ya fito da takardun gwaji da likita zai sa a aljihu ya je gidan mara lafiya. A 1908 Stanley Benedict na Amurka ya gyara ruwan Fehling ya zama mai jure ajiya. Daga nan sakamako ya tashi daga dogon bayani na launi da wari, ya koma alama ko lamba: babu, kaɗan, ƙari ɗaya, ƙari biyu. Lamba ta fi sauƙin kwatantawa, amma ta fi sauƙin ɓata, domin ba ta ɗauke da labarin kanta.

Mutum ɗaya, lamba ɗaya, fayil ɗaya

A ƙarni na 19 rubutun asibiti bai da tsari. Florence Nightingale ta koka a 1863 cewa ta nema ko'ina, da kyar take samun bayanan asibiti da za a iya kwatanta su da juna. Kowane likita yana da babban littafinsa, yana rubuta waɗanda ya gani bi da bi, rana bayan rana. Mutumin da ya ga likita uku, labarinsa na warwatse a littafi uku, wanda kuma ya dawo bayan shekara sai an yi ta buɗe shafuka ana nemansa.

A 1907 Henry Plummer na asibitin Mayo da ke jihar Minnesota ta Amurka ya juya tsarin. Ya ce kowane mara lafiya a ba shi lamba ɗaya da fayil ɗaya, duk abin da aka gani a jikinsa da duk gwajin da aka yi masa su shiga ciki, fayil ɗin ya bi shi duk ɗakin da ya je. Katin da muke yanka a asibiti yau, da lambar da ake ce mana kada mu yar, jikokin wannan tunani ne. Bai yaɗu nan take ba. Da ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka ta binciki asibitoci 692 a 1918, da sharuɗɗan da suka haɗa da ajiye cikakken bayanin mara lafiya, 89 kacal suka tsallake.

Ciwon sukari ne ya fitar da rubutu daga asibiti zuwa gida. Elliott Joslin na Boston ya fara rubuta masu wannan ciwo a babban littafi tun shekarun 1890, ya ci gaba har ƙarshen rayuwarsa. Da aka fara yi wa mutane allurar insulin a Toronto ta Kanada a watan Janairun 1922, sai gwaji ya zama batun rai da mutuwa, saboda allura idan ta yi yawa sukari zai faɗi mutum ya suma, idan ta yi kaɗan ciwon ya ci gaba da cinsa. Joslin ya koya wa marasa lafiyarsa su dafa fitsarinsu da ruwan Benedict a gida, su rubuta launin da suka gani. Da wannan ɗan littafi likita ke gyara yawan allurar.

A cikin asibiti kuwa, ɗakin gwaje-gwaje ya kafu da ƙa'idojinsa: takardar neman gwaji mai suna da lamba, rajistar da ake shigar da kowace kwalba, sa hannun wanda ya yi aikin, da takardar sakamako da ake liƙawa a fayil. Tafiyar na da jinkiri, wani lokaci sai gobe ko jibi, amma kowane mataki yana barin sawu.

Da gwaji ya bar ɗakin gwaji

A garin Elkhart na jihar Indiana akwai kamfanin Miles, masu yin ƙwayar Alka-Seltzer mai tafasa a ruwa. Daga wannan fasaha sashensu na Ames ya fito da Clinitest a shekarun 1940, ƙwayar da ake jefawa a 'yan ɗigon fitsari da ruwa, ta tafasa da kanta ba sai an kunna wuta ba. A 1956 wasu ma'aurata masana sinadarai a kamfanin, Alfred Free da Helen Free, suka fito da Clinistix, tsinken da ake tsomawa kawai a karanta. Shekara ɗaya bayan haka na furotin ya biyo, sannan aka riƙa haɗa gwaje-gwaje a tsinke guda har suka kai goma.

Jini ya biyo baya. A tsakiyar shekarun 1960 aka samu Dextrostix: a ɗiga jini, a jira minti ɗaya, a wanke, a kwatanta launi da na jikin kwalba. Da yake ido na yaudara, wani injiniya mai suna Anton Clemens ya ƙera na'urar da ke karanta launin ta nuna lamba da allura, ta shiga kasuwa a wajajen 1970, nauyinta ya fi kilo ɗaya. Zuwa 1987 an samu mai girman biro, mai auna sukari ta hanyar lantarki. A 1988 aka fito da gwajin ciki na Clearblue wanda mace za ta yi a gida da mataki ɗaya, ta ga layi. A kan irin wannan tsari na layi aka gina gwajin maleriya na gaggawa a shekarun 1990, kuma a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tabbatar da maleriya ta gwaji kafin a ba da magani. Wannan ne ya kai ɗan farin akwatin nan har ƙananan asibitocin karkara da shagunan magani.

Alherin wannan ci gaba ba ya misaltuwa. Amma ya zo da giɓi. Gwajin da ya bar ɗakin gwaji ya bar rajistarsa da sa hannunsa a baya. Yanzu mai yin sa ma'aikaciyar jinya ce da layin mutane ke jira, ko likita a tsakiyar duba mara lafiya. Sakamakon kan tsaya a guntun takarda, ko a bayan safar hannu, ko a ƙwaƙwalwar wanda ya yi, da niyyar zai rubuta anjima. Dokar ɗakunan gwaji da Amurka ta yi a 1988 ma ta ware irin waɗannan gwaje-gwaje masu sauƙi, ta sassauta musu yawancin sharuɗɗan da ta ɗora wa manyan. Sauƙin yin gwaji ya sa aka ɗauka rubuta shi ma ba wani abu ba ne.

Shigowar kwamfuta

A 1968 wani likita Ba'amurke, Lawrence Weed, ya wallafa maƙalar da ta girgiza abokan aikinsa. Ya ce fayil ɗin mara lafiya ya zama tarin takardu marar kai da gindi, ya kamata a tsara shi bisa matsalolin mutum, kowane gwaji a ajiye shi ƙarƙashin matsalar da aka yi shi dominta. Ya kuma hango cewa kwamfuta ce za ta iya ɗaukar wannan nauyi. A daidai lokacin, a babban asibitin Massachusetts da ke Boston, Octo Barnett da abokansa suna gina ɗaya daga cikin manhajojin farko na ajiye bayanan marasa lafiya. A 1972 Clement McDonald na cibiyar Regenstrief da ke Indianapolis ya fara tasa manhajar da masu ciwon sukari 35. Ba mamaki da su aka fara, domin su ne lambobinsu ke taruwa kullum, kuma amfanin lambar na cikin jera ta kusa da ta jiya da ta shekaranjiya.

Nan da nan aka ci karo da matsalar da masu zanen kwalabe 20 suka fuskanta. Kowane asibiti da sunan da yake kiran gwaji, kowace na'ura da harshenta. A 1987 aka kafa HL7, ƙa'idar yadda kwamfutocin lafiya za su aika wa juna saƙo. A 1994 McDonald da abokansa suka fara LOINC, wato kundin da ke ba kowane gwaji lambarsa. A cikinsa sukarin jini daban, sukarin fitsari daban, wanda aka auna da tsinke daban da wanda aka auna da babbar na'ura. A 2001 kuma aka amince da ƙa'idar POCT1-A don ƙananan na'urorin gefen gado su riƙa tura sakamako kai tsaye cikin manhaja. A 2004 cibiyar Regenstrief da ƙungiyar Partners In Health suka haɗu suka fara OpenMRS, manhaja ta kyauta da ta samo tushe daga aikin kula da masu ƙanjamau a yammacin Kenya, ta kuma bazu a Afirka. Amurka da kanta sai da ta yi doka a 2009 ta zuba kuɗi kafin yawancin asibitocinta su bar takarda.

Shigar kwamfuta ɗakin likita bai rufe giɓin ba. A manhaja akwai hanya biyu ta shigar da sakamako. Ko dai a rubuta shi a cikin bayanin likita kamar wasiƙa, ko a sa shi a gurbin da aka tanada masa, mai suna da ma'auni da lokaci. Na farko ya fi sauri, amma kwamfuta ba ta ganin sa a matsayin lamba: ba za ta zana yadda sukari ke hawa da sauka ba, ba za ta yi gargaɗi idan ya kai haɗari ba, ba za ta nuna shi a jerin sauran gwaje-gwaje ba. Ko da an sa a gurbinsa, yatsa na kuskure. Wani bincike da aka wallafa a 2019 daga Jami'ar Washington ya kwatanta sakamakon sukari da ma'aikata suka shigar da hannu da ainihin abin da na'urar ta ajiye. A cikin 6,930, an samu saɓani a 260, wato kusan 4 cikin 100.

Abin da lamba ba ta faɗa

Tarihin nan ya koya mana cewa lamba tsirararta ba sakamako ba ce. Mu ɗauki ma'auni. Ana auna sukarin jini da mg/dL a Amurka, da mmol/L a Ingila, a ƙasashen da ke bin tsarin Faransa kuma sau da yawa da g/L. Iyakar da ake cewa mutum na da ciwon sukari idan an gwada shi kafin ya karya kumallo ita ce 126 a na farko, 7.0 a na biyu, 1.26 a na uku, duk abu ɗaya ne. Mai ciwon da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina zai iya riƙe takardu biyu masu lambobi da ba su yi kama da juna ba. A Najeriya ma duka ma'aunai biyun farko suna yawo. Idan aka rubuta 25 ba a faɗi ma'auni ba, a ɗaya mutum na bakin suma yana buƙatar sukari nan take, a ɗayan kuma sukarin ya kai 450 yana buƙatar insulin. Wanda ya fahimce ta a juye zai iya kashe rai da kyakkyawar niyya.

Irin na'urar ma sai an rubuta. A 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wani nau'in tsinken sukari da ba ya bambanta gulukos da wani sukarin da ake kira maltos, wanda kan taru a jinin masu amfani da wani ruwan wankin ƙoda ta ciki. Na'urar kan nuna sukari ya hau alhali ya faɗi, a ƙara wa mutum insulin. Hukumar ta ce ta samu rahoton mutuwar mutum 13 tsakanin 1997 da 2009. A ɓangaren maleriya kuma, yawancin abin gwajin gaggawa wani furotin na ƙwayar cutar suke nema mai suna HRP2. A 2010 aka ba da rahoton ƙwayoyin da ba sa yin wannan furotin a ƙasar Peru, daga baya aka same su da yawa a Eritiriya har ƙasar ta sauya irin gwajin da take amfani da shi. Ba a iya gano irin wannan sai inda ake rubuta wane gwaji aka yi, me ya nuna, da abin da ya faru da mara lafiyar bayan nan. Ko a tsinken fitsari, yawan shan bitamin C na iya ɓoye jini ko sukarin da ke ciki, wato sharaɗin Ibn Sina na za'afaran ya dawo da sabuwar riga.

Shi ya sa manhaja mai kyau ba ta karɓar lamba ita kaɗai. Tana son sunan mara lafiya da lambarsa, sunan gwajin, jini ne ko fitsari, ranar da lokacin da aka yi shi ba lokacin da aka samu sararin shigarwa ba, ma'auni, wanda ya yi gwajin, na'urar ko lambar kwalin tsinken, da ko mutum ya ci abinci. Tana kuma bambanta gwajin da ya nuna babu cuta da gwajin da ba a yi ba, domin gurbin da aka bari fayau ba ya faɗin ko ɗaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gurabu, wani kuskure ne da aka taɓa yi a wani wuri ya haife shi.

A ƙasashenmu takarda da kwamfuta suna tafiya tare. Najeriya da Nijar duka suna amfani da DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta Norway ke jagorantar ginawa, inda ake tattara alƙaluman wata-wata, kamar mutum nawa aka gwada maleriya da nawa aka samu da ita. Da irin waɗannan alƙaluma ake lissafin magani da kayan gwajin da za a aika wa kowace ƙaramar hukuma. Amma tushensu rajistar takarda ce da wani ya cika da biro a ƙaramin asibiti. Layin da aka tsallake a can, babu kwamfutar da za ta dawo da shi a Abuja ko Yamai.

Mu da muke miƙa yatsa a huda, ko mu karɓi 'yar kwalba mu nufi banɗaki, muna da namu rabon aikin. Mu tambayi abin da gwajin ya nuna, mu ga an rubuta shi a katinmu ko an shigar da shi a kwamfuta tare da kwanan wata da ma'auni. Mai na'urar sukari a gida ya ajiye ɗan littafi irin na marasa lafiyar Joslin, ko ya rubuta a wayarsa, da lokaci da kuma ko kafin cin abinci ne ko bayansa. Mai ciki ta riƙe katin awonta kamar yadda take riƙe kuɗi, ta tafi da shi duk asibitin da naƙuda ta kai ta. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma likitan da zai karɓe mu cikin dare a wani gari, abin da aka rubuta ne kaɗai zai gaya masa yadda jikinmu yake makon jiya.